Shida da Sha Biyu

'Yata, matso kusa. Kai ma ɗana kada ka sulale, zancen nan da kai a ciki. Labarin wani fim na Faransa zan ba ku, sunansa La Fausse Suivante, wato kuyangar ƙarya, wanda Benoît Jacquot ya shirya a 2000. Labarin ya girmi fim ɗin nesa ba kusa ba, domin wasan kwaikwayo ne da Marivaux ya rubuta, aka fara nuna shi a Paris a 1724. An ɗauki fim ɗin a cikin gidan wasa da babu ɗan kallo ko ɗaya, 'yan wasa sanye da tufafin mutanen da, suna kai da komo tsakanin kujeru. Babu fada, babu dawakai, sai fuskoki da magana, kuma a maganar ne duk ɓarnar take.

Wata budurwa ce 'yar Paris, mai dukiya, aka shirya aurar da ita ga wani saurayi mai suna Leliyo wanda bai taɓa ganinta ba. Sai ta yi shigar maza, ta rataya takobi, ta zama barde, ta ƙulla abota da shi. Sandrine Kiberlain ce ta fito a wannan matsayi, Mathieu Amalric kuma ya fito a Leliyo. Da Leliyo ya saki jiki da sabon abokinsa, sai ya kwance masa bakin jaka. Ashe akwai wata mai sarautar Kwantes, wadda Isabelle Huppert ta fito a matsayinta, da ya riga ya yi wa alkawarin aure. Dukiyarta tana kawo mata dubu 6 a shekara, ta budurwar Paris tana kawo dubu 12. A wurin Leliyo magana ta ƙare, tun da sha biyu ta fi shida.

A Faransa ta wancan zamani mace ce ke zuwa gidan miji da dukiyar aure, kuma ragamar dukiyar tana hannun miji. Shi ya sa masu neman aure suke ƙidaya kamar 'yan kasuwa. Marivaux kansa ya san zafin kuɗi, don ya tafka asara a 1720 lokacin da tsarin takardun kuɗi na John Law ya rushe, ya bar mutane da yawa hannu rabbana.

Amma akwai ƙulli. Leliyo ya ci bashin Kwantes dubu 10 na kuɗin da ake kira eku, kuma sun sa hannu a takarda cewa duk wanda ya fasa auren zai biya ɗayan tara daidai wannan adadi. In shi ya fasa, ga bashi ga tara. In ita ta fasa, tararta ta share bashinsa. Don haka ya roƙi barde ya yi wa Kwantes daɗin baki har ta so shi, ta janye da kanta. Bai tsaya nan ba. Ya gaya wa barde cewa ita ma amaryar Paris mako biyu ya isa ya gaji da ita, in ta yi ƙorafi yana da wata gona can nesa da mutane inda zai kai ta ta huce. Duk wannan a kunnen amaryar yake zuba shi, yana dariya.

To 'yata, a nan nake so ki tsaya. Kowa a fim ɗin idonsa yana kan mai shigar burtu, alhali Leliyo ne babban mai ɓad da kama, kuma ko hula bai sauya ba. Da sunansa na gaskiya yake yawo, da fuskarsa, da ladabinsa. Da a ce zance ya zo wurin budurwar, da ba ta ji komai ba sai zuma. Ta ji gaskiyarsa ne kawai saboda ya ɗauka namiji ne a gabansa. Saurayi yana da bakin da yake zuwa da shi zaure, yana da wanda yake zama da shi a majalisa, kuma na biyun ne za ki zauna da shi bayan an watse daga biki.

Ban ce ki ɗaura rawani ki bi shi teburin mai shayi ba. Kina da abin da waccan yarinya ta rasa, wato manya da za su yi miki bincike. Ita mijin 'yar'uwarta ne ya ƙulla zancen, ga shi kuwa bai gano komai ba, har sai da ta fita da ƙafarta. Idan kawunki ya ce a dakata a tambayi abokan yaro, da maƙwabtansa, da waɗanda suka taɓa ba shi rance, kada ki kumbura fuska ki ce ana yi miki baƙin ciki. A tambaya ko akwai wata da ya yi wa alkawari ya bari, da dalilin barin. Ki kuma lura da irin tambayoyinsa. Wanda ya fi son sanin albashinki da gadon mahaifinki fiye da sanin halinki ya riga ya fara lissafinsa.

Kwantes ita ce ta fi ba ni tausayi, ko da yake ba ta kuɓuta daga laifi ba. Tana da alkawari a wuyanta, amma kalmomi masu daɗi na ɗan lokaci suka juya ta, ta fara son wanda ba ta san asalinsa ba, wanda ma ba namiji ba ne. Ita ma budurwar ba zan wanke ta tas ba. Ta yi wasa da zuciyar wata mace don ta kama nata ɓarawon. Kuma tun da ta shiga ƙarya sai biya take yi: bara Tiribilan, wanda Pierre Arditi ya fito a matsayinsa, ya gano mace ce, ta ce masa ita kuyanga ce kawai, ya karɓi na toshiyar baki, duk da haka zancen ya kai kunnen Arlekin, baran Leliyo, shi ma ya miƙo hannu. A gidan nan daga ubangida har bara kowa yana da farashi.

Kai kuma ɗana, na ga kana murmushi. Abin da kake faɗa a kan yarinyar mutane idan kun zauna da abokai, za ka iya maimaita shi a gaban mahaifinta? In ba za ka iya ba, janye tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba. Neman mace mai abin hannu ba haramun ba ne, amma ka san da me za ka riƙe ta ranar da abin ya ƙare.

A ƙarshe budurwar ta yi dabara takardar tarar ta shigo hannunta, ta yayyaga ta, sannan ta bayyana ko ita wace ce. Leliyo ya rasa sha biyu, ya rasa shida, bashin dubu 10 yana nan a kansa. Kwantes ta tsira da dukiyarta, ta tashi babu masoyi. Wasan ban dariya ne, amma ba a ɗaura auren kowa ba. Barorin nan biyu ne kaɗai suka fita da wani abu: budurwar ta ba su zobe ta ce su sayar su raba.