Shin Gudu Daga Fagen Fama Ragwanta Ne?

Ranar Juma'a da la'asar ina kallon dattawa suna dara a gindin darbejiya a Bici, sai wani tunani ya faɗo mini. Ɗan dara ba ya gudu. Inda aka ajiye shi nan zai zauna har a matsar da shi ko a cinye shi. To, mutum fa?

Turawan Amurka suna da wani wasan tebur, Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974. A bugun 1981 akwai dokar ƙarfin gwiwa: kowace runduna tana da maki daga 2 zuwa 12. Da an kashe mutum na farko, ko rabin runduna ta faɗi, sai a jefa ƙwayar ludo biyu. In abin da ya fito ya haura makin, shi ke nan, kowa ya ranta a na kare. Masu maki 12 kaɗai ne ba sa gudu, irin su gawarwakin da aka tayar da tsafi. Ka ji fa! Wasa ma ya yarda mai rai yana jin tsoro.

Tarihinmu ya fi wasan bayani. A Fabrairun 1903 Turawa suka ci Kano, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Da ya bar rundunarsa cikin dare, sai jama'a ta rabu. Waziri Ahmadu ya tsaya ya gwabza a Kwatarkwashi, a can ya rasu. Wambai Abbas kuwa ya juyo da ɗimbin mutane gida. Wa za mu kira rago? Ni dai ina ganin Waziri ya tsare mutunci, Wambai ya tsare rayuka, kuma ba mashi ne ya fara karya rundunar ba, rashin jagora ne.

Saboda haka kafin mu zargi wanda ya gudu, mu tambayi wanda ya tura shi: ya ciyar da shi? Ya tsaya a gabansa?

Abin da ke ba ni haushi da finafinanmu ke nan. Jarumi ba ya ko gezau, yaran mugu kuma suna ta zuwa ɗaya bayan ɗaya ana karkashe su kamar 'ya'yan dara. Marubuta, don Allah ku bar jaruminku ya ji tsoro, sannan ya tsaya. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.