Yoga da Karkiyar Almasihu

A talabijin da wayoyin hannu, iyalai da yawa suna ganin mutane a kan tabarma suna lanƙwasa jiki suna jan numfashi a hankali, ana kiran abin yoga. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Yuni dominta a shekarar 2014, ana ƙara ɗaukarta a matsayin motsa jiki kawai. Amma a Indiya, inda aka haife ta, yoga tafarkin rayuwa ce ɗungum.

Kalmar ta fito daga harshen Sanskirit, daga tushen da ke nufin ɗaura karkiya, kamar yadda manomi yake haɗa bijimai biyu su ja garma. Malamin nan Patanjali, wanda ya tsara koyarwarta a zamanin dā, ya raba ta matakai 8. Na farko shi ne kamewa: kada a cuci mai rai, kada a yi ƙarya ko sata, a tsare sha'awa, a guji kwaɗayin tara kaya. Na biyu ya ƙunshi tsabta, wadar zuci, horon kai, nazari da miƙa wuya ga abin bauta. Zaman jiki, wanda duniya ta fi sani, shi ne na uku. Daga nan sai sarrafa numfashi, janye hankali daga abin da ido da kunne ke kawowa, har zuwa matakin ƙarshe inda suka gaskata rai yana kuɓuta.

Saboda haka ya kamata mai bi ya san abin da yake shiga. Miƙa gaɓoɓi domin ciwon baya ba zunubi ba ne. Manzo Bulus ma ya gaya wa Timoti cewa horon jiki yana da ɗan amfaninsa. Amma in aka kai ga maimaita kalmomin ibada na wani addini, ko gaisuwa ga rana da zuciyar sujada, an wuce batun lafiya. Patanjali ya koyar da kuɓuta ta wurin horon kai, Bishara kuwa ta ce ceto kyauta ce ta alherin Allah cikin Yesu Almasihu.

Duk da haka akwai abin da zai sa Kirista ya sunkuyar da kai. Mai yoga na gaske yakan tashi da asuba, ya lura da abincinsa, da harshensa, da fushinsa, domin abin da ya gaskata. Mai bi nawa ne suka mai da bangaskiyarsu sa'o'i biyu na ranar Lahadi, daga nan mudun kasuwa ya koma na algus, gida ya koma filin faɗa?

A Matiyu sura 11, Ubangiji Yesu ya kira gajiyayyu su ɗauki tasa karkiyar, ya kuma yi musu alkawarin hutawa. Sān da aka ɗaura wa karkiya ba ya zaɓen kunyar da zai bi. Haka iyalin da ke na Almasihu: addu'ar safe, gaskiya a ciniki, haƙuri tsakanin miji da mata, da tarbiyyar 'ya'ya, duka a ƙarƙashin karkiya ɗaya suke.

Ubangiji ya ba jama'arsa zuciyar binsa kwana bakwai na mako. Amin.