Haƙƙin Ɗan Fari A Kan Mahaifiyarsa

 

Sanannen abu ne a ƙasar Hausa cewa mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma ko kuka yake yi ba ta ɗaukarsa sai an matsa mata. Kunya kuwa abar yabo ce, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lasafta ta cikin rassan imani. Amma kunyar da za ta tauye haƙƙin wani ba ita ce Shari'a ta yaba ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba.

A dubi Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Ta yi hijira da tsohon ciki, ta sauka a Ƙuba ta haifi ɗanta na fari, watau Abdullahi ɗan Zubairu. Ita da kanta ta ɗauko shi ta aza shi a cinyar Manzon Allah, ya tauna dabino ya shafa masa a ganɗa, ya yi masa addu'a. Babu wanda ya ce Asma'u ta yi rashin kunya.

Haƙƙin farko da jariri yake da shi a kan uwarsa shi ne nono. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma aya ba ta keɓe kwanakin farko ba. Ta ina ke nan aka samo matse dakashi a zubar, a ce wai nonon bai gyaru ba sai bayan kwana uku? Wannan al'ada ce kurum, ba ta da asali a Littafi ko a Sunna. Dakashi, watau nonon nan mai kauri mai ɗan rawaya da ke fara fitowa, shi ne ke ɗauke da garkuwar da ke tsare jariri daga gudawa da ciwon ƙirji. Ba shi da yawa, amma cikin jariri ma bai fi ɗan goriba ba a kwanakin nan. Saboda haka masana lafiya suka ce a aza jariri a ƙirjin uwarsa ya kama nono tun cikin sa'ar farko, a bar shi ya sha duk lokacin da ya nema, dare da rana, sau 8 zuwa 12 ko fiye. Yawan tsotso ne ke kawo ruwan nono, ba jira ba. Kuma ta tabbata bakinsa ya haɗa har da baƙin da ke kewaye da kan nonon, gama in kan kawai ya kama, sai ya tsage mata shi, shi kuma bai ƙoshi ba.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara a kan a ba jariri nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba koko. Tsofaffi su kan ce zafin bazara zai kashe yaro da ƙishirwa, kuma tausayi ne ya sa suke faɗin haka. Sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, mai tsabta kuwa, alhali ruwan randa shi ne ƙofar zawo. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa. Shafa dabino kuma ɗan taɓawa ne a ganɗa da yatsa wankakke, ba ciyarwa ba ne. Zuma kuwa, duk da falalarta, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin hanjinsa bai iya yaƙi da wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta. Addu'a kuma ana karanta wa jariri ita ne, ba sai an ɗura masa kome a baki ba.

Cibiya ita ce ƙofa ta biyu. A bar ta a bushe da tsabta, kada a sa mata toka, ko kashin shanu, ko man goge haƙori, sai maganin shafawa da ma'aikatan asibiti suka bayar. Za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. Askin ranar suna Sunna ne, tare da sadaka da nauyin gashin a azurfa, amma da sabuwar reza. Cire beli kuwa ba Sunna ba ne, kuma jinin jariri bai kai a yi wasa da shi ba.

Ita maijego ma amana ce a wuyan danginta. Wankan jego da ruwan ɗumi yana da daɗin jiki, amma tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da ɗirkar kunun kanwa, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun danganta su da ciwon zuciyar masu jego tun cikin shekarun 1970. Wadda ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ya riƙa gagararta in ta kwanta, asibiti za a kai ta, kada a ƙara mata wuta. Ta kuma sani arba'in ba sharaɗin salla ba ne. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala, da zarar jinin biƙi ya ɗauke sai ta yi wanka ta kama salla, iyakarsa kuwa kwana sittin.

Saura maigida. Ayar nan da ta yi zancen shayarwa, ita ce ta ɗora masa ci da tufafin mai shayarwa. Rago ɗaya ya wadatar a raɗin suna, ko namiji aka haifa ko mace, ga Malikiyya. Wanda ya ci bashi don taron suna ya bar maijego da tuwo gaya, ya bar wajibi ya kama abin da ba a tambaye shi ba. Ko da matarsa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kunyar surukai ba ta sauke masa nauyin kai jariri allurar rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna a kwanakin farko ba. In kuwa jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko yana jijjiga, ko shawara ta sauka har tafin hannu da na ƙafa, to ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran ranar suna. Uwa ta buɗe baki ta faɗa, ko da a gaban surukinta ne, a nemi abin hawa a daren.