Nasiha Ga Muridai Kan Ɗan'uwan Da Maye Ya Kama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, ku sani hankali shi ne mazaunin zikiri. Duk abin da ya gusar da shi hukuncinsa hukuncin giya ne, burkutu ne, ko wiwi, ko tramol, ko ruwan kodin da hukuma ta hana a 2018. Kwalbar magani ba ta halatta maye.

Amma na ga kuna korar wanda aka jarraba daga zawiya. Wa ya ba ku wannan? An sha kawo wani mashayi gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ana yi masa haddi. Wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida masa da son Allah da Manzonsa. Buhari ya ruwaito.

In kun kore shi, mashaya za su shimfiɗa masa tabarma. In ya wartsake, muƙaddami ya keɓe da shi, kada a tona asirinsa. In jikinsa na rawa don barin abin, ku kai shi ga likita, wannan ba ya warware tawakkali. Da la'asar, sa'ad da abokansa ke kiransa, ɗayanku ya riga su zuwa ƙofarsa, ya taho da shi wazifa.

Wassalamu.