Tsoro da Ƙauna

Ya kai mai karatu, me kake tsoro? A nan Kore Mairuwa wani yana tsoron iskoki, wani maita, wani kuma yunwa in damana ta ƙi. Jin tsoro ba laifi ba ne. Amma dubi abin da yake sa mu yi: in an ce da tsohuwa mayya, sai kowa ya daina gaishe ta, ko ruwa ba mai ɗebo mata.

Kirista suna koyar da cewa ƙauna ce maganin tsoro. Dubi uwa: in wuta ta kama bukka, ɗanta yana ciki, za ta tsaya waje? Tana jin tsoro, amma ɗan ya fi mata ranta.

A watan Janairu 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Kirista sun firgita ƙwarai. Duk da haka shugabanninsu suka ce a yafe, kada a rama. Wanda ya rama, kullum yana jiran a rama masa. Wanda ya yafe yana iya sake shiga gidan maƙwabcinsa.

To, gobe da safe ka tafi ka gaida tsohuwar nan, ka kai mata tulun ruwa.