NASIHA GA MATASA GAME DA MUSUN TAMAULA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.).

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, akwai wata cuta da ta shiga majalisunmu, tun daga Dutse har Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, watau musun tamaula. Ka ga samari sun taru a ƙofar gidan kallo, wannan ya ce kulob ɗinsa ya fi ƙarfi, wancan ya ce wallahi bana kofi nasu ne. Wasu kan Jigawa Golden Stars da Kano Pillars, wasu kan ƙungiyoyin Ingila. Har ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ba su tsira ba: in zancen gasar jami'o'i ta NUGA ya taso, kowa ya zama boka.

Jama'a, ba mu ce wasa haramun ne ba. Motsa jiki abu ne mai kyau, kuma babu laifi ka dubi 'yan wasa ka ce ina zaton waɗannan za su ci. Amma zato daban, sani daban. Gobe ta Allah ce.

Ku duba misalai. A 1996 a gasar Olamfik ta Atalanta, Birazil tana da ci 3, Nijeriya 1, mutane har sun fara tashi. Aka ƙare 4 da 3, Kanu ya jefa biyun ƙarshe. A 2016 Leicester ta ɗauki kofin Ingila, alhali a kakar baya da ƙyar ta tsira daga faɗuwa. A 2022 a Ƙatar, Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1, sannan Ajantinar nan ce ta ɗauki kofin duniya. To, wane masani ne ya san wannan tun kafin a busa usur?

Don haka mu kiyaye abu huɗu.

Na ɗaya, rantsuwa. Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, ta hana mutum yanke magana kan abin da zai yi gobe ba tare da in Allah Ya so ba. To, ina ga rantsuwa kan ƙafar wani? Sunan Allah ya fi ƙarfin tamaula.

Na biyu, caca. Daga musu sai a ce sa kuɗi, yanzu ma a waya ake yi. Suratul Ma'ida, aya ta 90, ta haɗa caca da giya wuri guda. Ko an kira ta hasashe, sunanta caca.

Na uku, gaba. Abokai sun daina gaisawa saboda ɗan wasan da bai san da zamansu ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya lamunce gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya, ko da shi ke da gaskiya.

Na huɗu, salla. Ladan yana kira, ana cewa bari a tafi hutun rabin lokaci. Subhanallahi!

Ya ɗan'uwa, ka haddace 'yan wasa 11 har da na benci, to sharuɗɗan sallarka fa? In musu ya yi zafi, ka ce Allah ne Masani, ka tashi.

Allah Ya shirye mu, Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.