Wa Ɗan Sanda Zai Bi, Wanda Ya Naɗa Shi ko Doka?

Jama'a, akwai wata tambaya da ta yi kama da ta lauyoyi da 'yan boko, amma in aka duba da kyau mu mazauna Sabo ta fi shafa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar na 'yan sanda, shi ke naɗa shugaban EFCC, shi ke naɗa na DSS. To ranar da son ran shugaban ya saɓa da abin da doka ta ce, wa waɗannan mutane za su bi? Wanda ya ba su kujera, ko dokar da suka yi rantsuwa a kanta?

Wani zai ce ai amsar a fili take, doka za a bi. A baki haka ne. Amma duk wanda ya taɓa ajiye yaro a shago ya san yaro fuskar maigida yake kallo kafin ya kalli mudu. In maigida ya ce a rage awo, yara nawa ne za su ce a'a? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka muka taso muka ji, kuma da yawa daga cikin masu kaki da wannan karin maganar suke aiki.

Kundin tsarin mulkinmu na 1999 ma bai sauƙaƙa musu ba. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a duk Najeriya, ta tarayya. Sashe na 215 ya ba shugaban ƙasa ikon ba Sufeto Janar umarni kan kiyaye zaman lafiya, muddin umarnin halattacce ne. Gwamna ma yana iya ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni, sai dai kwamishinan na da damar cewa a dakata sai an ji daga sama. Sannan a ƙarshen sashen aka ce kotu ba ta da hurumin binciken ko an ba da umarni, ko wane iri aka bayar. Kun ga abin? An ce umarni ya zama halal, amma an rufe ƙofar wanda zai duba ko halal ɗin ne. Kamar a ce wa dillali ya yi gaskiya, sannan a hana mai kaya ganin cinikin.

Mu ɗauki labarin Nuhu Ribadu, don shi ne ya fi nuna fuskokin abin guda biyu. Obasanjo ne ya ɗora shi kan EFCC a 2003. A 2005 hukumar ta gurfanar da Tafa Balogun, mutumin da jiya-jiya shi ne Sufeto Janar, wato ubangidan Ribadu a aikin ɗan sanda, har kotu ta yanke masa wata shida. Mutane suka ce lallai yanzu an samu doka. Sai kuma a farkon 2007, ana gab da zaɓe, hukumar ta fito da jerin sunayen 'yan takarar da ta ce ba su cancanta ba, ciki har da Atiku Abubakar, wanda duk ƙasa ta san ya ɓata da Obasanjo kan maganar tazarce. Sai da Kotun Ƙoli ta ce hukumar zaɓe ba ta da ikon cire shi kafin sunansa ya koma kan ƙuri'a. A nan ne wasu suka fara cewa EFCC karen farautar fadar shugaban ƙasa ce, inda aka nuna mata take gudu.

Sai zamani ya juya. A watan Disamba na 2007, ƙarƙashin Umaru 'Yar'aduwa, hukumar ta kama James Ibori, tsohon gwamnan Delta, wanda ake ganin yana da ƙafa a fada. Ribadu ya ce mutumin ya taɓa aiko masa da dala miliyan 15 don ya kau da kai, shi kuma ya kai kuɗin Babban Banki. Watan bai ƙare ba aka ce Ribadu ya tafi kwas Kuru, kusa da Jos. Daga baya aka rage masa muƙami, aka kore shi daga aiki. A 2009 kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da tuhuma 170 da ake yi wa Ibori. Sai a Landan, a 2012, ya amsa laifi aka ɗaure shi shekara 13.

Mutum ɗaya ne fa, hukuma ɗaya. Lokacin da farautarsa ta dace da son fada an ce gwarzo ne, da ta taɓa na kusa da fada sai aka tuna yana buƙatar ƙarin karatu. Mu a ganinmu darasin ya wuce Ribadu, mai kyau ne shi ko akasin haka. Dokar EFCC ta ba shugaban ƙasa damar cire shugaban hukumar duk lokacin da ya ga ci gaba da zamansa bai dace da maslahar jama'a ba. Wanda za a iya cirewa da sa hannu ɗaya, gaskiyarsa aro ce, ranar da mai ita ya so zai karɓe abarsa.

Zamanin Buhari ma an ga irinsa ta wata fuskar. Sambo Dasuki ya shiga hannun DSS a ƙarshen 2015. Kotuna suka yi ta ba da belinsa, kotun ECOWAS ma a 2016 ta ce a sake shi, amma bai fito ba sai ranar 24 ga Disamba 2019. A majalisun hira a nan unguwa akwai masu cewa ai wanda ake zargi da cin kuɗin makamai bai cancanci tausayi ba. To, ba maganar tausayi ake yi ba. Alƙali ya yi hukunci, mai riƙe da mabuɗin kurkuku ya ce sai ya ji daga sama. In haka ta halatta a kan babban mutum mai lauyoyi jibge, me kuke tsammani ga mai turin baro a Bodija da aka kwashe a samame?

Sai dai kada mu yi saurin cewa mafita ita ce a saki jami'in tsaro ya zama ba shi da ubangida. Wannan ma wata masifar ce. A Amurka an yi wani mutum, Edgar Hoover, da ya riƙe hukumar binciken tarayya ta FBI shekara 48, daga 1924 har ya mutu a 1972. Ya tara sirrin 'yan siyasa, ya sa aka yi ta leƙen asirin Martin Luther King, shugabanni suna zuwa suna tafiya ba mai iya taɓa shi. Bayan mutuwarsa ne majalisarsu ta ƙayyade wa kujerar shekara 10. Mu ma nan, ranar 7 ga Agusta 2018, jami'an DSS da fuska a rufe suka tare ƙofar Majalisar Tarayya suka hana 'yan majalisa shiga. Buhari yana Landan, Osinbajo ne muƙaddashi, kuma a ranar ya sallami Lawal Daura. A wannan karon ikon korar ne ya yi amfani. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ba kullum maganar take gaskiya ba, amma ba kullum take ƙarya ba.

Saboda haka shugaban da jama'a suka zaɓa dole ya iya riƙe linzamin masu bindiga. Yana da haƙƙin ya ce a bana a fi mai da hankali kan masu garkuwa da mutane, a ƙara jami'ai a hanyar Legas zuwa Ibadan, a sauke wanda ya gaza. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya nuna mutum da yatsa ya ce a kama wane don ya yi mini tsaurin ido, a bar wane don nawa ne. Na farkon shi ake kira mulki. Na biyun zalunci ne ko da an buga masa hatimin gwamnati.

To wa zai tsare wannan iyaka? Takarda ba ta tsare kanta. A watan Oktoba na 1973 shugaban Amurka Nixon ya umarci ministan shari'arsa, Elliot Richardson, ya kori lauyan da ke binciken badaƙalar Watergate, don binciken ya iso ƙofar ɗakinsa. Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki. Mataimakinsa ma ya ƙi, ya tafi. Sai na uku ne ya aiwatar. An dai kori mai binciken, amma tafiyar mutanen nan biyu a dare ɗaya ta tona wa shugaban asiri a idon jama'a, kuma a watan Agusta na 1974 shi ma ya sauka. Ba wai Amurkawa waliyyai ba ne. A 2017 Trump ya kori shugaban FBI James Comey ana tsakiyar bincike kan mutanensa, har yau suna ta wannan rigimar. Abin lura dai shi ne mutum biyu sun yarda su rasa kujera.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin ɗalibin Islamiyya. Mun karanta labarin rundunar da Annabi (SAW) ya tura, ya ɗora musu shugaba ya ce su yi masa biyayya. Shugaban ya fusata a hanya, ya sa aka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya suna kallon juna har wutar ta mutu. Da labari ya isa, aka nuna musu cewa ƙin shigar shi ne daidai, don biyayya a cikin abin da yake na kirki ake yin ta. Ku lura, ba su yi wa shugaban tawaye ba, ba su tsige shi ba. Umarni ɗaya suka ƙi, suka ci gaba da zama runduna. Irin wannan a'a ake nema daga Sufeto ko kwamishina, kuma ta fi wuya fiye da tawaye, don mai yin ta ba ya samun tafi, albashinsa kawai yake rasawa.

Yanzu mu dawo gida. Mu baƙi ne a ƙasar nan ko da kakanninmu a nan aka binne su. Ranar da rikici ya tashi, kamar na Shagamu a 1999 ko na kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021, ba mu da wata katanga bayan Allah sai jami'in da zai tsaya tsakani. Shi ya sa wasunmu kan ji sanyi in ɗan Arewa ne a Aso Rock, suna ganin 'yan sanda sun zama namu. Wannan lissafin bai cika ba. Bayan rikicin Sabon Ile-Ife a watan Maris na 2017, inda aka kashe mutane da dama aka ƙona dukiya, 'yan sanda sun kai waɗanda suka kama Abuja, sai ƙungiyoyin Yarabawa suka yi ca, suka ce duk 'yan ƙabilarsu ne aka kwashe don shugaban ƙasa da Sufeto Janar duka 'yan Arewa ne. Ko zargin daidai ne ko ba daidai ba, an riga an daina maganar wa ya kashe wa, an koma maganar 'yan sandan na waye. Kuma idan maƙwabcinka ya ɗauka ɗan sanda naka ne, ba Abuja zai je ya huce ba, rumfarka ce kusa da shi. Sarki goma zamani goma. Duk ikon da ka yi wa guɗa don yana hannun naka, gobe yana hannun wani, kuma bai ragu ba.

Ga shi kuma tun kafa Amotekun a 2020 ana ta maganar a ba jihohi 'yan sandansu. In hakan ta tabbata, tambayar da muka fara da ita za ta sauko daga Abuja zuwa gidan gwamna a Agodi, kusa da mu ƙwarai, kuma gwamna ya fi shugaban ƙasa sanin wace unguwa ce ta ba shi ƙuri'a, wace ce ta hana. Don haka idan 'yan takarar majalisa suka zo fadar Sarkin Hausawa da buhunan shinkafa, muna roƙon dattawa su ƙara musu da tambaya biyu kafin a yi addu'a a tashi: a tsarin da za su kafa, mutum nawa ne sai sun sa hannu kafin a cire shugaban 'yan sandan jiha, kuma shin kotu za ta iya kiran a kawo mata umarnin da gwamna ya bayar ta karanta?